Gem ɗin fatauci a sararin samaniya: yadda suka mutu, waɗanda suka riƙe su, da batun saka kuɗi a karo-karo

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah na ga wani bidiyo ana cewa akwai wani gem na kumbo mai suna Star Citizen da ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli daga aljihun 'yan wasa kuma har yau ba a gama shi ba. Mai bidiyon ya ce wai irin waɗannan gem ɗin na fatauci a sararin samaniya sun taɓa mutuwa, magoya baya ne suka dawo da su da kuɗinsu. Da gaske ne? Me ya kashe su tun farko? Kuma ni da nake sha'awar gwadawa, in saka kuɗina ko in dakata?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayar taka uku ce a haɗe, me ya kashe su, wa ya dawo da su, sai kuma batun aljihunka. Amsar ita ce eh da gaske ne, sai dai mai bidiyon daga tsakiya ya ɗauko labarin, domin kuɗin karo-karon da aka tara don dawo da su a 2012 ba daga sama suka faɗo ba, akwai mutanen da suka shafe shekara goma sha suna riƙe da abin a hannu ba tare da kowa ya biya su ko sisi ba, kuma in ba ka san su ba ba za ka gane dalilin da zai sa mutum mai hankalinsa ya zaro kuɗi ya bayar kan abin da bai gani ba. Ni dai ɗan wasa ne da ya daɗe a harkar, nakan kuma taɓa rubuta ƙananan gyare-gyare a wani gem na kumbo na kyauta mai suna Oolite, ban taɓa aiki a ɗaya daga kamfanonin nan ba, don haka abin da zan faɗa maka daga ɓangaren masu wasa ne da kuma abin da kamfanonin suka fitar a fili.

Inda abin ya samo asali

A 1984 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kambirij a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wani gem mai suna Elite a kan kwamfutar BBC Micro. Kwamfutar nan gaba ɗaya ƙwaƙwalwarta kilobait 32 ce, hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka ta nesa ba kusa ba, amma a ciki suka cusa tarin taurari guda 8, kowanne da duniyoyi 256, jimla 2048 kenan, kowace da sunanta da irin gwamnatinta da arzikinta da farashin kayanta. Dabarar da suka yi ita ce ba su ajiye bayanin ko duniya ɗaya ba, wasu lambobi uku kawai suka ajiye, sai kwamfutar ta riƙa juya su da lissafi iri ɗaya tana fitar da suna da wuri da tattalin arziki, kuma tunda lissafin ba ya canzawa, duniyar da ka gani ita ce wanda ke wani gari zai gani. Har ma lissafin zai iya ba su tarin taurari tiriliyoyi, kamfanin Acornsoft da ya buga gem ɗin ne ya ce a tsaya a 8 kada mutane su gano dabarar.

Kana farawa ne a tashar Lave da kumbo ƙirar Cobra Mk III da kuɗi 100 kacal, ba wanda zai ce maka je can ko yi kaza. Ka sayi abinci ko fatu ko tufafi a duniyar manoma inda suke da araha, ka kai duniyar masana'antu irin Zaonce ka sayar, ka ɗoro kwamfutoci da injuna ka dawo da su. Tankin manka tafiyar haske ta shekara 7 kawai yake kaiwa, ɗakin kayanka tan 20 ne sai ka tara kuɗi ka faɗaɗa shi zuwa 35, kuma in ka bi ta wurin da ba doka irin Riedquat 'yan fashi za su yi maka ca. Wanda ya san labarin fataken da ke tashi da kanwa da tufafi su nufi Gwanja su dawo da goro ya riga ya gane gem ɗin, lissafin riba da haɗarin hanya ne, da sanin zangon da za ka yada da wanda za ka kauce wa. In ka ga dama kuma ka bar fataucin ka koma farautar 'yan fashi, ko kai ma ka zama ɗan fashin 'yan sanda su bi ka. Matsayinka yana tashi daga Harmless har zuwa Elite, wanda sai ka kakkaɓo jirage 6400 kafin ka kai.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe tun daga nan. Kafin Acornsoft su karɓa, samarin sun kai gem ɗin kamfanin Thorn EMI aka ƙi shi, aka ce ina maki, ina rai uku, kuma wa zai zauna kan gem ɗin da ba ya ƙarewa cikin minti goma. Wato tun ranar farko masu riƙe da kuɗi ba su yarda akwai masu son irin wannan ba, kuma wannan rashin yardar ita ce za ta sake dawowa bayan shekara ashirin.

Daga Elite aka samu zuriya. Braben ya fitar da Frontier: Elite II a 1993, sai First Encounters a 1995 wanda aka fitar da shi a gaggauce cike da kurakurai har abin ya kai ga kotu tsakaninsa da kamfanin da ya buga. A Amurka kuma Chris Roberts ya yi Wing Commander a 1990, daga gidan nasu aka samu Privateer a 1993 mai fatauci da 'yancin yawo. Masu Mac suna da Escape Velocity na 1996, Jamusawan Egosoft suka fara jerin X a 1999.

Abin da ya kashe kasuwar

Abubuwa ne suka taru. A shekarun 1990 duk mai gem a kwamfuta kusan yana da sandar tuƙi, to da gem ɗin harbi irin su Doom da Quake da Half-Life suka mamaye ko'ina, linzami da kibod suka wadatar, sandar ta koma ta 'yan tsiraru. Ga kuɗin haɗa gem ya yi tashin gwauron zabi, abin da mutum biyu suka yi a ɗakin kwanan ɗalibai ya koma aikin mutum ɗari, kamfanin da zai zuba miliyoyi kuwa so yake ya sayar wa miliyoyi, musamman a kan PlayStation da Xbox, kuma gem ɗin da sai ka yi sati kana koyon shiga tasha ba ya cikin wannan lissafin. A 1999 gem ɗin yaƙin kumbo mai suna FreeSpace 2 ya fito, masu sharhi suka yaba sosai amma ciniki bai yi ba, manyan kamfanoni suka ɗauki wannan a matsayin hujja. Freelancer na Roberts ya sha jinkiri, Microsoft ta saye kamfanin nasa, shi ya koma harkar fim, gem ɗin bai fito ba sai 2003 kuma an rage abubuwa da yawa daga abin da aka yi alkawari. Braben ya yi ta maganar Elite na huɗu shekara da shekaru ba a ga komai ba. In ka cire jerin X da EVE Online na 'yan Aisland da ya fito a 2003, fagen ya zama kufai.

Amma ka lura, masu wasan suna nan daram. Yawansu ne bai kai abin da manyan kamfanoni ke so ba.

Waɗanda suka riƙe wutar

Wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba kuma ni a wurina shi ne zuciyar maganar. A 2004 wani mai suna Giles Williams ya rubuta Oolite, wato Elite da sabon zane, ya sake shi kyauta tare da rubutun manhajarsa duk mai so ya duba ya gyara. Shi daga baya ya matsa gefe, wasu suka karɓa, har yau ana sabunta shi. Abin da ya sa Oolite ya rayu shi ne an gina shi yadda kowa zai iya ƙara masa kaya, sabon jirgi, sabuwar tasha, sabon aiki, kuma akwai irin waɗannan ƙarin ɗaruruwa. Ni ta nan na shiga, za ka buɗe fayil ɗin rubutu kawai ka ga an jera gudun jirgi da yawan kayan da yake ɗauka da ƙarfin garkuwarsa, ka canza lamba ɗaya ka kunna gem ka ga bambanci nan take, in kana son abu mai ɗan zurfi kamar a ce wani ɗan kasuwa ya ba ka saƙo ka kai wata duniya kafin wa'adi sai ka rubuta da JavaScript. Wallahi yaro mai sha'awar koyon rubuta manhaja zai ƙaru da wannan fiye da darussa da yawa, saboda yana ganin sakamakon hannunsa yana yawo a gabansa.

Ba Oolite kaɗai ba. Masu son Frontier suka yi Pioneer, shi ma kyauta. Kamfanin da ya yi FreeSpace 2 ya saki rubutun manhajarsa a 2002, magoya baya suka ɗauka suka yi ta gyara har ya fi na asali kyau. Masu Freelancer da Microsoft ta janye hannunta sai suka ci gaba da kunna nasu sabobin, wato kwamfutocin da ke haɗa masu wasa ta intanet, gyararren nau'insu mai suna Discovery har yanzu akwai masu shiga. Shi kansa Ian Bell ya ɗora tsofaffin nau'o'in Elite a shafinsa, daga baya wani mai suna Mark Moxon ya bi rubutun manhajar Elite layi bayan layi yana bayanin abin da kowanne ke yi. Duk wannan aikin sa kai ne, mutane ne masu aikin yi da iyali suke ware dare da ƙarshen mako.

To ka ga amfanin wannan, lokacin da aka zo neman kuɗi ba sai an je neman mutanen ba, suna tare, sun san juna, suna da wuraren hirarsu, kuma yaran da suka buga Elite a 1984 sun zama magidanta 'yan shekara arba'in da wani abu masu albashi. Kewar ƙuruciya ga kuma kuɗi a aljihu.

Shekarar 2012

Kickstarter, shafin karo-karo na intanet, an buɗe shi tun 2009, tsarinsa shi ne ka faɗi adadin da kake nema da wa'adi, in an cika ka karɓa su cire kashi 5 cikin ɗari ban da kuɗin cirar kati, in ba a cika ba ba a taɓa kuɗin kowa. A farkon 2012 kamfanin Double Fine ya nemi dala dubu 400 don wani irin gem da shi ma aka ce ya mutu, ya tashi da sama da miliyan 3. Nan idon kowa ya buɗe.

A watan Oktoba Chris Roberts ya dawo da Star Citizen, da bidiyo mai ɗaukar ido. A Kickstarter dala dubu 500 ya nema ya samu sama da miliyan 2, in aka haɗa da na shafinsu ya haura miliyan 6 kafin ƙarshen Nuwamba, aka ce gem zai fito a 2014. Shi kuma Braben, Kickstarter na buɗe wa 'yan Birtaniya ƙofa sai ga shi a farkon Nuwamba da Elite: Dangerous yana neman fam miliyan 1.25. Da farko an soke shi sosai don ya zo kusan hannu rabbana, ba wani bidiyon kirki sai suna da tarihi, tafiyar ta yi sanyi a tsakiya, sai dab da rufewa aka cika, aka rufe a farkon Janairun 2013 da kusan fam miliyan 1.58 daga mutum sama da dubu 25. Magoya baya sun yi rawar gani a wannan tsakanin, har akwai marubutan da suka buɗe nasu ƙaramin karo-karon don su tara fam 4,500 na matakin da ke ba mutum izinin rubuta littafi a cikin duniyar gem ɗin, wato karo-karo a cikin karo-karo.

Ga wani abu da mutane ba sa lura da shi. Braben da bakinsa ya ce kuɗin haɗa gem ɗin ya kai wajen fam miliyan 8, ka ga abin da aka tara bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kamfaninsa Frontier Developments yana nan tun 1994 da ma'aikatansa da injin haɗa gem nasa, kuma a 2013 ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan. Aikin da kuɗin magoya baya suka yi shi ne shaida, sun nuna wa masu zuba jari cewa ga mutum dubu ashirin da biyar da suka biya tun kafin su gani. Kuma ba kuɗi kaɗai suka bayar ba, waɗanda suka ba da mai kauri an shigar da su tattaunawar tsara gem ɗin, kuma daga can ne aka matsa wa kamfanin ya bar shirinsa na tsalle daga wuri zuwa wuri a cikin tsarin tauraro ɗaya, ya bar mutum ya tuƙa kumbonsa da kansa tsakanin duniyoyi. Duk wanda ya buga Elite Dangerous ya san rabin daɗinsa a nan yake.

Gem ɗin ya fito 16 ga Disamba 2014, da taurari kimanin biliyan 400, dabarar 1984 ce dai aka faɗaɗa aka haɗa da bayanan taurarin gaske. Sai dai wata ɗaya kafin fitowar kamfanin ya sanar cewa yanayin wasa ba tare da intanet ba, wanda aka yi alkawari lokacin neman kuɗi, ba zai samu ba. An yi rigima sosai kan mayar da kuɗi, kuma masu fushin suna da gaskiya, domin akwai wanda don wannan alkawarin kaɗai ya bayar. A 2021 ma ƙarin Odyssey ya fito da matsaloli har Braben ya ba da haƙuri, a 2022 aka fasa fitar da ƙarin a kan na'urorin PlayStation da Xbox. Na kawo maka waɗannan ne don ka san ko wanda ake kafa misali da shi a matsayin nasara bai cika duk abin da ya faɗa ba.

Shi kuwa Star Citizen

Matsalarsa a ganina kuɗin ne suka yi yawa kuma ƙofar karɓa ba ta taɓa rufuwa ba. Duk lokacin da aka ƙara miliyan sai a ƙara alkawari, an ci gaba da haka har zuwa dala miliyan 65, ga shi tun a miliyan 6 an riga an ce za a yi tsarin taurari 100. Abin da aka fara a matsayin gem ɗin tuƙa kumbo ya koma kana tafiya da ƙafa a cikin jirgi, ka sauka a duniya ba tare da allo ya yanke ba, ka hau jirgin ƙasa a birni, ka ci abinci, ka je asibiti. Kowanne daga cikin waɗannan aikin shekaru ne. Hanyar samun kuɗinsu kuma ita ce sayar da jirage, daga na dala 45 na masu farawa har zuwa na ɗaruruwa da dubbai, wasu ma ana sayar da su tun suna zane, akwai kunshin da a 2024 aka sa masa dala dubu 48. A shekarar ne jimlar kuɗin ta haura dala miliyan 700, kuma sai a ƙarshenta aka buɗe tsarin tauraro na biyu mai suna Pyro. Ɓangaren labari mai suna Squadron 42 da aka ɗauko manyan 'yan fim irin su Mark Hamill da Gary Oldman an sha ɗaga ranarsa.

Ni ba na cikin masu cewa damfara ce. Akwai ma'aikata ɗaruruwa a Manchesta da Ostin da Farankfot da sauransu, akwai gem da za ka shiga ka buga yau, kuma ranar da sabarsu ta yi lafiya za ka ga abin da babu shi a ko'ina. Amma tsarin da kuɗi ke shigowa ta hanyar sayar da jirgin gobe ba ya matsa wa kowa ya gama na yau, kuma babu wani a sama da zai ce wa Roberts ya isa haka, a rufe a fitar. Manyan kamfanonin nan da ake zagi, duk da laifinsu, wannan aikin suke yi.

Akwai kuma na uku da ya kamata ka sani don shi ne ya fi taɓa ni. A ƙarshen 2012 wani matashi ɗalibi mai suna Josh Parnell ya nemi dala dubu 50 don gem ɗinsa Limit Theory, aka ba shi sama da dubu 187. Yaron yana da basira ta gaske, ya yi ta nuna aikinsa a fili, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya ci kuɗin ya ci nasa na aljihu ya taɓa lafiyarsa, a 2018 ya fito ya ce ya kasa, daga baya a 2022 ya saki rubutun manhajar ga kowa. Ba wanda ya ci amanar wani a nan, kuma duk da haka waɗanda suka bayar ba su samu gem ba. A gefe guda kuma Rockfish na Hambag a Jamus, ƙwararrun da suka daɗe suna yin gem ɗin kumbo a waya, sun nemi kuɗi a 2015 kan abu mai iyaka, suka fitar da Everspace a 2017.

Bayan an fitar da gem ma su ne dai

In ka shiga Elite Dangerous za ka tarar rabin abin da ke sa shi tafiya ba kamfani ne ya yi ba. Misali farashin kaya. Gem ɗin ba ya nuna maka kasuwannin nesa yadda ɗan fatauci ke buƙata, sai 'yan wasa suka rubuta wata ƙaramar manhaja da kake kunnawa a gefe, duk tashar da ka sauka ta kwashi farashin ta tura wani rumbu na kowa da kowa, shafuka irin su Inara da Spansh su ɗauka su nuna maka inda za ka saya da inda za ka sayar. Kai ka amfana da saukar wani, wani ya amfana da taka. Raunin abin shi ne a wuyan 'yan sa kai yake, shafin EDDB da kusan kowa ya dogara da shi ya rufe a 2023 saboda mai kula da shi ya ga ba zai iya ci gaba ba.

Sai Fuel Rats, ƙungiyar masu wasa da ke kai wa wanda mansa ya ƙare ɗauki, waɗanda aka kafa a 2015, kuma na sha raka sababbin shiga wurinsu. Man mutum ya ƙare a tsakiyar babu, injin ya mutu, wani lokaci har iskar shaƙa ta fara ƙirga mintuna. Zai shiga shafinsu, mai rabon aiki ya tambaye shi wane tauraro kake, iskarka ta fara ƙirga ko a'a, in ta fara sai ya ce maza fita zuwa allon farko kada ka sake shiga sai na ce, don agogon ya tsaya. Sai a turo masa mutum biyu ko uku da bai taɓa sani ba, wani ya yi tafiyar awa guda ko fiye, su iso su harba masa mai ta wasu ƙananan na'urori, sannan ɗaya ya tsaya ya koya masa irin taurarin da ake ɗiban mai a jikinsu da yadda zai tace taswira kada a sake. Ba sa karɓar ko kwabo, kuma sun yi wannan sau dubun dubata. Haka tafiyar Distant Worlds, ayari ne na 'yan wasa da ke ratsa tarin taurarin gaba ɗaya zuwa Beagle Point, nisan tafiyar haske ta shekara kusan dubu 65 daga ranarmu, na 2016 mutum sama da dubu ne, na 2019 sama da dubu 13 suka yi rajista, ana wata da watanni a hanya.

To ka saka kuɗi ko ka dakata

Abu na farko, kuɗin karo-karo gudunmawa ce, ba ka sayi kaya ba kuma ba ka da hannun jari, in gem ya yi riba ba ka da kaso, in ya rushe da wuya ka ga kuɗinka. Don haka kada ka saka abin da in ya tafi zai hana ka barci, balle ga mu da sai an canza naira ko sefa zuwa dala. In wani sabon aiki ya burge ka, ni abin da nake dubawa shi ne ko mutanen sun taɓa gama wani abu sun fitar, ko akwai abin da za a iya bugawa yanzu ba bidiyo kawai ba, da kuma ko alkawarin nasu yana da iyaka. In ka ga kuɗi na ƙaruwa alkawari na ƙaruwa ranar fitowa na matsawa, ka riƙe aljihunka. Ni na fi natsuwa da ƙaramin aiki mai iyaka ko da bai burge ba a kan babban da ya haɗa komai da komai.

Game da Star Citizen, ba sai ka biya ba kafin ka gani, sukan buɗe shi kyauta na 'yan kwanaki lokaci zuwa lokaci a shekara, ka jira irin wannan. Amma ka sani yana son kwamfuta mai ƙarfi, SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, dole ne, RAM gigabait 16 shi ne mafi ƙaranci kuma 32 ya fi, saukar da shi wajen gigabait 100 ne ban da sabuntawa, ga shi sai da intanet mai ƙarfi da wuta tsayayya. In kuma ka gwada ya yi maka, ƙaramin kunshin farawa ya isa, yawancin jirage ana iya sayensu da kuɗin cikin gem, sai dai tunda har yanzu matakin gwaji ne sukan share abin da mutane suka tara wani lokaci. Elite Dangerous ya fi sauƙi a kan kwamfuta kuma yakan yi araha sosai lokacin rangwame a Steam, shagon sayar da gem na intanet, sai dai shi ma ko kai kaɗai za ka buga sai da intanet, kuma ina ba ka shawara ka fara a yanayin kaɗaici ko rukunin abokai kafin ka shiga fili inda wasu ke farautar sababbi.

Amma in ni ne kai, da Oolite zan fara, ko Endless Sky wanda ya bi sawun Escape Velocity. Duka kyauta ne, ba su da nauyi, tsohuwar laftof za ta ɗauka, kuma da ka sauke ba ruwanka da data. Sati biyu a ciki za su nuna maka ko kana son wannan salon na haƙuri da lissafi ko ba ka so, kafin ka kashe ko naira ɗaya. A Oolite abin da zai fara ba ka wahala shi ne shiga tasha, don tana juyawa kuma ƙofar siririya ce. Ka tashi ka nufi alamar da ke gaban tashar, ka tsaya cak, ka juyo ka saita hancinka da tsakiyar ƙofar, sannan ka taho a hankali kana juya kumbon daidai da juyawarta. Ka riƙa ajiye wasanka duk tashar da ka sauka, ka nemi duniyar manoma matalauta da ta masana'antu masu kusa da juna ka yi ta zirga-zirga tsakaninsu, kuɗin farko da ka tara ka faɗaɗa ɗakin kaya, na biyu ka canza bindiga, kwamfutar da ke shigar da kai tasha da kanta ta biyo baya.